Gyaran tsohon ginin ƙasa: daga gindin bango ake farawa

A makonnin farko na horon adana tsofaffin gine-ginen ƙasa ba a bar mu mun taɓa laka ba. Takarda da fensir da tef na awo aka ba mu, aka ce kowa ya zana bango guda, ya sa alama duk inda ya tsage, inda ya zaizaye, inda gara ta shiga, da inda ya yi duhu saboda laima. Da na gama zanen sai na ga ɓarnar wuri biyu ta fi taruwa, kan bango da gindinsa, kuma duk aikin ruwa ne.

Ta sama ba ta da wuyar ganewa: indararo ya toshe ko ya karye, ruwa ya bi jikin gini ya yi kwari. Ta gindi ita ce muguwar. Laima kan hau daga ƙasa ta cikin tubali, ɗauke da gishiri. Inda iska ta busar da ita, yawanci bai kai mita 1 daga ƙasa ba, ruwan ya tafi ya bar gishirin, shi kuma ya daskare ya farfasa ƙasar ta koma gari. A hankali gindin ya rarake. Wanda ya shafe wurin da siminti, garin neman gira ya rasa ido, domin siminti na hana bango numfashi, laimar ta ƙara hawa sama. Mun ƙwanƙwasa irin wannan shafe da bayan yatsa, yana amo kamar ganga. Da muka ɓamɓare shi, ƙasar bayansa jiƙe take, tana zuba ta tsakanin yatsu.

Saboda haka kafin gyara sai an kawar da tushen ruwan: a kwashe tarin ƙasa da shara da suka jingina da bango, a karkata daɓen waje yadda ruwa zai gudu nesa da gini.

Daga nan sai zaɓen ƙasa, kuma a nan na fi ƙaruwa. A zuba ƙasa kashi ɗaya cikin uku na kwalba, a cika da ruwa, a girgiza sosai a ajiye. Yashi kan kwanta cikin minti guda, mai laushin ta biyo baya, yumɓu kuwa sai ya kwana. Kaurin kowane layi shi ke nuna yawansa. Gwaji na biyu a hannu ake yi: a murza kwaɓaɓɓiyar ƙasa ta yi kaurin santimita 3, a riƙa tura ta a bakin tebur har ta karye. In ta karye kafin santimita 5, yashi ya yi yawa. In ta wuce 15, yumɓu ya yi yawa, za ta tsattsage in ta bushe. Duk da haka ban yarda da kwaɓi ba sai na shafa shi a bango na gani. Mukan yi shafe uku ko huɗu gefe da gefe, ƙasa 1 yashi 1, ƙasa 1 yashi 2, haka dai, wasu da yankakkiyar ciyawa, mu bar su su bushe sarai. Wanda bai tsage ba, bai kuma zube in an goga shi da tafin hannu ba, shi ake ɗauka. Kada ya fi tsohon bangon ƙarfi. Ana so sabon ya ci wahalar, tsohon ya tsira.

Wajen cike gindin da ya rarake, a tokare bangon tukuna. A yi aiki guntu-guntu, kamar mita 1, ana tsallake na kusa har na farko ya bushe. A share garin ƙasar, a yayyafa ruwa kaɗan, a jera ƙananan tubala a cusa laka sosai. Yaɓe kuma kada kowane shafi ya wuce santimita 2. Mun taɓa yin gaggawa muka shafa mai kauri lokaci guda, kwana uku ya ɓalle gaba ɗaya. Tsaga ma ba a cike ta nan take. A ɗora mata ɗan farin filasta a rubuta kwanan wata. In ya tsage, bangon na motsi ne, sai a binciki harsashi.

Yaɓe a kai a kai shi ke raya irin wannan gini. Babban masallacin Jenne a Mali, wanda aka sake ginawa a 1907, duk shekara ake yaɓe shi. Amma kufai da masu binciken tarihi suka tono ba shi da rufi, ba shi da mai zama ciki. Irin wannan kufai ne tsohon birnin ƙasa na Can Can a Peru, wanda ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a 1986, a shekarar kuma aka sa shi cikin waɗanda ke fuskantar haɗari. A irin waɗannan wurare mukan ɗora sabon layin tubali a kan tsohon bango don ruwa ya ci shi, tare da alamar da za ta raba tsoho da sabo. In babu mai kula, mun fi son a ɗauki hoto da awo, a shimfiɗa ƙyallen da ruwa ke ratsawa, a zuba yashi mai tsabta marar gishiri, sannan a mayar da ƙasa a rufe.