Abin da na koya a filin santsi a Suwidin

A Suwidin ba a ba mutum lasisin tuƙin ƙaramar mota sai ya je filin da suke kira halkbana, inda ake sa shi ya taka birki da gangan a kan hanya mai sulɓi. Wanda ya taɓa tuƙi a kan taɓon damina zai ce ya san santsi, to na ƙanƙara ya wuce nan, don sau da yawa ido ma ba ya ganinta a kan kwalta.

Darasin farko na ƙafa ne. Motar da ke da ABS, wato na'urar hana taya kullewa in an taka birki, idan ka danne birki da ƙarfi sai ka ji yana kakkarwa a tafin ƙafarka, ga wata ƙara kamar wani abu ya karye. Nan da yawa suke ɗaga ƙafa. Malaminmu ta rediyo yake magana, kullum kalmarsa ɗaya ce: danne, kada ka saki. Kakkarwar nan ita ce na'urar ke kamawa tana saki don kada taya ta kulle, shi ya sa sitiyari ke ci gaba da jin magana.

Sai na ido, wanda ya fi ba ni mamaki. Idan bayan mota ya kwashe, ka kalli inda kake son zuwa, hannu zai bi. Ka zuba wa ramin gefen hanya ido, can za ka faɗa. Ka ɗaga ƙafa daga totur, in mai giya ce ka taka kuloci, ka juya sitiyari gefen da bayan ya nufa, kuma ka yi saurin dawo da shi, in ba haka ba ta wulwulo da kai ɗaya gefen. In gaban ne ya ƙi shan kwana, ƙara murɗa sitiyari ba ya amfani. Sassautawa ake yi har tayoyi su sake kama ƙasa.

Amma malamin bai bari mun ɗauka mun ƙware ba, kuma ina ganin gaskiyarsa. Wani bincike da aka yi a Norwe a 1988 ya nuna samarin da suka yi irin wannan horo sun ƙara yin haɗari a kan santsi, saboda sun yarda da kansu fiye da kima. Shi ya sa ya riƙa sa mu ƙara gudu kaɗan-kaɗan, mu gani da idonmu yadda mota ke wuce alamar da ta tsaya ɗazu. Gudu in ya ninka biyu, nisan birki sau huɗu yake ninkawa, komai iyawar direba.

Daga 1 ga Disamba zuwa 31 ga Maris, muddin hanya na da ƙanƙara, dokar Suwidin ta wajabta tayar hunturu mai zurfin zane aƙalla milimita 3. Ni kam tun kafin lokacin nake sauya nawa, kuma ina rage gudu tun ban hau gada ba, don iska na kaɗa ta sama da ƙasa, tana riga sauran titi daskarewa.