Daga kabarin doki zuwa Newmarket

"Yaya, duk abin kallon da ke garin nan, kabarin doki kaɗai ya tsone maka ido?" Haka ƙanena da ke karatu a Kambirij ta Ingila ya tare ni da na faɗa masa inda nake so ya kai ni. Ban ga laifinsa ba. Shi bai tarar da kakanmu da rai ba, bai taɓa ɗaukar dusa zuwa turke da asuba ba. Ni kuwa a tsakanin sirdi da linzami na tashi.

Muka hau bas zuwa Wandlebury, wata 'yar tudu mai itatuwa a kudu da garin. Ana yayyafi, kuma sai da muka wuce wurin sauka saboda hira, muka dawo a ƙasa, takalmana na zuwa biki suka sha taɓo. Babban gidan da ke wurin an rushe shi tun tuni, barga ce ta rage. A ƙarƙashin ƙofar shigarta, inda mutum zai wuce bai kula ba, akwai wani faffaɗan dutse a ƙasa. Nan aka binne Godolphin Arabian a 1753.

Dokin nan bai taɓa shiga tsere ba ko sau ɗaya. Ana cewa daga Tunis aka kai shi Faransa a matsayin kyauta ga sarki, daga can Edward Coke ya shigo da shi Ingila wajen 1730, daga baya ya koma hannun Francis Godolphin, wanda ya ba shi suna. Har yau ana gardama ko na Larabawa ne ko kuwa irin dawakin Arewacin Afirka ne, wato dangin waɗanda fatake suka tsallako Sahara da su zuwa ƙasarmu. Na tsaya ina kallon dutsen ina cewa a raina: wata kila da ɗan'uwansa aka yi hawan sallah a Katsina. Bargar Sheikh Mohammed na Dubai, mai shuɗin kaya, sunan wannan doki ta ɗauka.

Amma ba don shi kaɗai na zo ba. Ɗansa Regulus ya haifi wata goɗiya mai suna Spilletta, ita kuma ta haifi dokin da ya hana ni barci tun da na fara karanta labarinsa: Eclipse.

Washegari muka sammako muka kama jirgin ƙasa zuwa Newmarket, tafiyar minti ashirin da 'yan kai. Garin nan na doki ne, mutum baƙo ne a cikinsa. A mararrabar titi na ga maɓallin tsayar da motoci an ɗora shi sama, daidai hannun mahayi. Muka tsaya a gindin Warren Hill, tudun da ake horar da dawakin tsere, cikin sanyi mai ratsa ƙashi, sai ga su ayari-ayari suna hawowa a guje, tururi na fita daga hancinsu, ƙasa na amsa kofato kamar ana kiɗa ganga daga nesa. Siraran ƙafafu, dogon wuya, ba kwalliya ko ɗaya. Wanda ya saba da doki cikin jalala da tunjimi sai ya ga kamar tsirara suke. A nan na zauna wa ƙanena da labari, ko yana so ko ba ya so.

An haifi Eclipse a 1764, shekarar da aka yi husufin rana, kuma abin da sunan ke nufi ke nan. A bargar Duke na Cumberland, ɗan Sarki George na biyu, ya zo duniya. Da maigidan ya rasu a 1765 aka yi gwanjon dawakinsa, wani dillalin tumaki mai suna William Wildman ya saye shi a kan gini 75, wato kuɗin zinaren Ingila na wancan zamani. Ja ne mai farin goshi da farar ƙafar baya guda, ga taurin kai har an yi tunanin a dandaƙe shi. Da an yi, da yau babu wannan labari.

Sai da ya shekara biyar ya fara tsere, ranar 3 ga Mayu, 1769, a filin tseren Epsom. A lokacin mil huɗu ake gudu, a huta, a sake. Bayan zagayen farko wani ɗan caca ɗan Ireland, Dennis O'Kelly, ya ci alwashin zai faɗi yadda dawakin za su jeru a na biyu. Ya ce Eclipse na ɗaya, sauran kuwa babu su. Dabarar ita ce, a dokar wancan zamani duk dokin da aka ba tazarar yadi 240 ba a lissafa shi. Haka kuwa aka yi. O'Kelly ya sayi rabin dokin a kan gini 650, daga baya ya biya 1,100 ya mallake shi duka.

Tsere 18 ya shiga, ya cinye 18. A wasu ma shi kaɗai ya zagaya fili don masu dawaki sun ƙi fito da nasu. Cikin shekara biyu wasan ya mutu, domin wa zai zuba kuɗi a kan abin da kowa ya san ƙarshensa? Aka mai da shi barga don iri. 'Ya'yansa uku suka ci Derby, babbar gasar tseren dawaki ta Ingila: Young Eclipse a 1781, Saltram a 1783, Serjeant a 1784. Ta wajen uba kuma Eclipse jinin Darley Arabian ne, dokin da aka sayo a Halab ta Siriya a 1704, kuma ta wannan reshe mafi yawan dawakin tsere na yau suka fito.

Ciwon ciki ya kashe Eclipse a 1789. Da aka buɗe shi, zuciyarsa ta kai fam 14 a sikeli. Bafaranshen da ya yi aikin, Vial de St Bel, shi ya zama shugaban farko na kwalejin likitancin dabbobi da aka kafa a Landan a 1791, kuma ƙasusuwan Eclipse na hannun kwalejin har yanzu.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne littafi. Tun 1791 Turawan Ingila suke rubuta wane doki ya haifi wane, ba su fasa ba. Kakanmu ya san uwar dokinsa da kasuwar da aka sayo ta, ya san kakarta ma, amma duk a ka, kuma da shi aka binne.

Wata budurwa ta gifto a kan wani jan doki mai farin goshi, yana tafe yana cin linzami. Ƙanena, wanda tun safe hannunsa ke cikin aljihu, ya matso kusa da shinge.

"Yaya, wannan ma jikansa ne?"

Na ce in zai yi caca, ya zuba a kan e. Ya ciro waya ya ɗauki hoto, ya tambaye ni ƙarfe nawa ayari na gaba zai hawo.