Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Gara Giɓi da Haƙorin Aro

Makon jiya na tsaya a kan takardar salsalar nan da ɗan Kawu ya buga a kwamfuta ya rarraba ranar ɗaurin aure a nan Tawa, wadda ta liƙa gidanmu kai tsaye ga Shehu Usmanu. Har yau abin na ci mini rai. Da Baffa na da rai, Allah Ya jiƙansa, da ya faɗa masa abin da ya saba faɗa mana: gara giɓi da haƙorin aro.

Hujjarsa guda ce, wai kakanninmu mutanen Marata ne. Gaskiya ne a Marata aka haifi Shehu, nan wajen Galmi, cikin Safar na 1168, wato Disamban 1754. Amma tun yana ƙarami gidansu ya tashi zuwa Ɗagel, daga can ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, ya rasu a Sakkwato a 1817. Zuriyar Bello da Atiku da Buhari da Nana Asma'u sananniya ce gida gida. Duk mai cewa jinin Shehu ne, sai ya faɗi ta wane ɗa ko ta wace ɗiya. Takardar ba ta faɗi ba. Abin da Baffa ya riƙe shi ne mu Torankawan Ƙonni ne, can sama muka haɗu da Shehu, wajen Musa Jakollo da ya taso daga Futa Toro. Dangi muke, kuma wannan ya ishe mu alfahari.

Kafin ka gaskata kowace salsala, yi mata lissafi. Tsakanin uba da ɗa ana ƙiyasta shekara 30. Daga 1754 zuwa wanda aka haifa a 1950 shekara 196 ce, ke nan iyaye shida ko bakwai. Takardar ɗan Kawu huɗu ta kawo. In sunaye sun gaza, an tsallake wasu. In sun yi yawa, galibi wa da ƙane aka jera kamar uba da ɗa. Haka ke faruwa ga masu kwafe jerin sarakunan Adar na gidan Agabba, wanda ya taso daga Agadas ya ci ƙasar a 1674: suna mance sarauta takan bi ƴan'uwa kafin ta sauko ga ƴaƴa.

Shekarar hijira kuwa, cire uku cikin kowane ɗari, ka ƙara 622. Daga 1168 a cire 35 saura 1133, a ƙara ya ba da 1755. Kuskuren shekara ɗaya ba komai ba ne, domin shekarar hijira kan hau biyu na miladiyya.

Shekarun da na yi a Yamai ba zan tsaya kansu ba, sai abin da ya shafi wannan. Sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na IRSH, cibiyar binciken ilimin ɗan Adam ta jami'ar Yamai, yana da amfani, haka ma gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasa, inda bayanan kwamandodin Faransa kan garuruwa da sarautu suke. Sai dai a karanta su da hankali. Ta bakin tafinta aka rubuta su, kuma wanda ke kan gado lokacin shi ya ba da labari. Rajistar ƙidaya don haraji aka yi ta, mutane sun ɓoye ƴaƴansu. Takardun haihuwa na dattawa yawanci «wajajen shekara kaza» suke cewa. Ga kuma al'adarmu ta Nijar: sunan uba ke bin na ɗa, saboda haka sunan baya na canzawa a kowane tsatso.

Shaida mafi ƙarfi tana cikin gafakar gida. Malaman da sukan rubuta haihuwa da rasuwa a bayan littafi, mai kwafe littafi kuma yakan sa sunansa da na ubansa a shafin ƙarshe. Namu biyar muka samu a haka, gara ta cinye sauran shafin. Baffa ya ja layi biyu ya bar su fili. Irin wannan filin ne ake cikewa da sunayen aro.

Na mance ban faɗi ba, tsofaffin mata ake fara tambaya, kowace ita kaɗai, don kada ta bi bakin wata. Ba a tambayarsu shekara, ana tambayarsu abin da ya faru: kafin yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ko bayanta, kafin yaƙin Kawsan da Faransawa na 1916 ko bayansa. A kuma nemi sunan yanka da laƙabi duka, domin alkunya kan ɓoye sunan ɗan fari har mutum guda ya zama biyu a takarda, Muhammadu biyu kuma su zama ɗaya. Maroƙi a saurare shi don kirari, kada a kafa hujja da shi.

Goggo ce ta warware mana suna na huɗu da na biyar a jerin namu. Ita ma takardar ba ta ambace ta ba, ko mace ɗaya babu a ciki. Na aika wa ɗan Kawu kwafin shafin Baffa da layukansa biyu a fili. Wata uku ke nan bai ce komai ba.