Goma da ɗigo uku

Asabar, da dare

Ban gama wartsakewa daga barci ba saƙon Yaya ya shigo. Hoton fuskar wata waya ne, agogon auna lokaci ya tsaya cak a kan 10.3. A ƙasa ta rubuta: "Ga abin da ɗanka ya yi jiya a gudun mita 100. Malaminsu ya ce a nema masa hanya." Yaron shekararsa 14. Da yake na taɓa yin tseren gudu a makaranta, kuma har yau gasa ba ta wuce ni a talabijin, duk maganar gudu a danginmu ni ake kawo wa.

Na jawo biro da bayan wata tsohuwar takarda. Lissafin ba shi da wuya: ka raba nisa da lokaci. Mita 100 a daƙiƙa 10.3 ya ba ni mita 9.7 a kowace daƙiƙa. In kana so ka mayar da shi kilomita a awa sai ka ninka da 3.6, ya fito kusan 35. Na ajiye biron na yi tagumi. Usain Bolt da ya yi 9.58 a birnin Balin na Jamus a 2009, in ka yi masa wannan lissafin kilomita 37.6 za ka samu. Mutane sun fi riƙe 44, amma wannan ƙololuwar gudunsa ne tsakanin mita 60 da 80, bayan ƙafa ta gama ɗaukar wuta. Tashi daga tsaye yana cin lokaci, shi kansa Bolt sai da daƙiƙa 0.146 ta wuce bayan harbin bindiga kafin ya motsa. To wai ɗanmu, da takalmin makaranta a kan ƙasa, bai kai kilomita uku a awa tsakaninsa da Bolt ba.

Ban ce yara ba sa abin mamaki ba. Gout Gout na Ostireliya yana da shekara 16 ya yi 20.04 a mita 200 a ƙarshen 2024, ya goge tarihin ƙasarsu da Peter Norman ya kafa tun 1968. Letsile Tebogo na Botswana ya yi 9.91 a 2022 yana ɗan shekara 19. Sai dai waɗannan na'ura ce ta auna su, a filin da aka tabbatar da tsawonsa, ga ma'aunin iska a gefe. Namu kuwa babban yatsan wani ne. Na rubuta wa Yaya cewa ta turo min yaron da yamma, mu je filin tare.

Malamin wasannin nasu mutumin kirki ne, yana jin zuwanmu ya fito, har da farin cikinsa. Na ce, "Malam, wa ya auna filin nan?" Ya ce shi da kansa, da taku, taku ɗari cif. Na fito da tef ɗin awo mai mita 50 da na aro. Yaron ya danne bakinsa a kan layin tashi, ni na ja har ya ƙare, muka dasa dutse, muka sake ja. Layin ƙarshe ya same mu a 42. Ke nan mita 92. Malam ya cire hula ya sosa ƙeya, ya ce a maimaita. Muka maimaita, bai ƙaru da ko taƙi ba.

Sai na tambayi yadda aka riƙe agogon. Ashe shi Malam yana wajen tashi da usur, wani ɗalibi kuma yana can layin ƙarshe da waya, yana jin usur sai ya danna. Nan ne abin ya fi ba ni sha'awa, don ni ma a da ban taɓa kawo shi a raina ba. Sauti tafiya yake yi, kamar mita 343 a daƙiƙa. Kafin kukan usur ya ratsa mita 92 ya isa kunnen mai waya, wajen 0.27 ta tafi, masu gudu sun riga sun tashi, agogo bai sani ba. Shi ya sa masu riƙe agogo a gasa ba ƙarar bindiga suke jira ba, hayaƙinta suke kallo. Kuma ko ƙwararren da ya bi hayaƙin, yatsansa yana makara a farko, sannan ya yi gaggawa a ƙarshe don yana hango mai gudu yana tahowa. Saboda haka aka saba ƙara 0.24 a kan lokacin hannu na mita 100 kafin a kwatanta shi da na na'ura, kuma tun 1977 hukumar tsere ta duniya ta daina karɓar lokacin hannu a tarihin gajerun tsere.

Na tsuguna na yi lissafin a ƙasa da tsinke, su biyu suna tsaye a kaina. 10.3 da 0.27 da 0.24, ya zama 10.8. Saura mita takwas da ba a gudu ba, a ba su kamar 0.9. Ya kama 11.7. Malam ya ƙara da bakinsa cewa jiya iska ce mai ƙarfi, kuma ta bayansu take busowa. A ƙa'ida in iskar baya ta wuce mita 2 a daƙiƙa, lokacin ba ya shiga littafin tarihi. Har yau ana gardama kan 10.49 da 'yar tseren Amurka Florence Griffith-Joyner ta yi a mita 100 a 1988, saboda ma'aunin iska ya nuna sifili a ranar da iska ke kaɗawa sosai. Wannan fa da na'ura ke nan.

Muka matsar da layin ƙarshe zuwa mita 100 na gaskiya. Malam ya samo guntayen katako biyu zai buga su a saman kansa, ni kuma na tsaya daidai layin ƙarshe ina ɗaukar bidiyo, yadda zan ga haɗuwar katakon da idona, ba sai na jira ƙara ba. Yaron ya tashi da kyau, gwiwa na ɗagawa, kafaɗa a sake. Wajen mita 70 ya fara cije baki yana jefa kai baya, alamar ƙarfi ya soma ƙarewa. Ya wuce ni kamar an harbo shi, ƙura na bin sa.

A inuwa muka zauna muna ƙirga hotunan bidiyon ɗaya bayan ɗaya. Wayata 30 take ɗauka a daƙiƙa. Daga haɗuwar katako zuwa inda ƙirjinsa ya kai layi, don ƙirji ake dubawa ba ƙafa ko hannu ba, muka samu 358. Raba da 30, 11.93. Kilomita 30 a awa da ɗan ɗoriya.

Ni wallahi daɗi na ji. Ɗan shekara 14 ya sauka ƙasa da 12 a kan turɓaya, ba takalmin ƙusa, ba abin tokare ƙafa, bai taɓa samun horo na kirki ba. Ban yi haka a shekarunsa ba. Na faɗa masa, amma na ga maganar ba ta shiga. Yana ta kwance igiyar takalmi yana ɗaurewa. Can ya ce, "Kawu, ke nan ƙarya na yi?" Na ce a'a, kai gudu ka yi, awo ne ya yi ƙarya. Ya ce ai duk ajinsu sun ji 10.3, har sun fara kiran sa Bolt. Ban sami abin ce masa ba. Da na sani da na bari Malam ya ɗan matsa kafin in faɗi lambar, ko ma in bari sai mun kama hanya.

Malam ya roƙi in bar masa tef ɗin zuwa Litinin, wai yana so ya auna da'irar da suke kira mita 400 ita ma. Na bar masa, sai in san abin da zan gaya wa mai shi.

Ɗazu yaron ya turo saƙo ta wayar mamansa, yana tambaya hoto nawa zai rage daga 358 kafin ya kai 11.5. Na ce 13. Ya ce in zo da waya ranar Asabar mai zuwa. Ita kuwa Yaya sau biyu tana kira, ban ɗauka ba tukuna.