Gonakin wiwin zare a arewacin Holan, inda ruwa ba ya ɗaukewa

Daga filin jirgin sama na Schiphol akwai jirgin ƙasa da ke kai mutum birnin Groningen kai tsaye, tafiyar awa biyu da 'yan mintuna, ta Lelystad da Zwolle da Assen. A ƙarshen watan Agusta na bi hanyar, domin lokacin ne ake yankan wiwin zare a arewa maso gabashin Holan. Wanda yake son gane yadda ake noman nan a ƙasa mai sanyi da yawan ruwa, lokacin yanka ya kamata ya je, ba lokacin da gona take kore shar tana ɗaukar ido ba. Daga Groningen na shiga ƙaramin jirgi zuwa Winschoten, daga can kuma bas ta sauke ni a Oude Pekela, gari mai tsawo da ya bi gefen magudanar ruwa ya miƙe. A nan kamfanonin HempFlax da Dun Agro, masu sarrafa wiwin zare, suke da masana'antunsu. Na farkon Ben Dronkers ne ya kafa shi a farkon shekarun 1990, lokacin da noman ya daɗe da ɓacewa a ƙasar.

Tsiron da ake nomawa a nan ɗan gida ɗaya ne da tabar wiwi, amma an zaɓo irin da sinadarin THC mai sa maye ya yi ƙaranci ƙwarai a cikinsa. Tarayyar Turai ta ƙayyade kada ya wuce kashi 0.3 cikin ɗari, tun daga Janairun 2023. Kafin nan 0.2 ne. Manomi ba ya shuka irin da ya ajiye da kansa. Dole ya sayi wanda aka tantance, kamar Futura 75 ko Felina 32 ko Fedora 17 ko USO 31, ya adana takardun da ke jikin buhunan, jami'ai kuma suna zuwa su yanki kan tsiron su kai ɗakin gwaji. Dokar Holan ta yarda da shi ne kawai idan don zare ko don iri aka shuka, kuma a cikin ƙasar gona, a fili, ba ƙarƙashin rufi ba. Don haka manomin nan ba shi da mafaka daga ruwan sama, dabara ce kaɗai za ta fisshe shi.

Ƙasar yankin a shimfiɗe take, babu tudu ko ɗaya, rairayi ne baƙi gauraye da ragowar ruɓaɓɓen ganyen da aka haƙe shekaru aru-aru ana yin makamashi da shi. Dankalin Turawa na yin sitaci shi ne babban amfanin gona, sai gwozar sukari da hatsi, wiwin zare kuma yana shiga tsakani don ƙasa ta huta. Ruwan sama na shekara yana kai milimita 800, kuma ba shi da damina takamaimai, kowane wata da rabonsa. Ko a watan Yuli matsakaicin zafi bai fi digiri 17 ba.

Gonar farko da na tsaya a bakinta tsiron ya haura mita 3, ya yi cunkus har mutum ba zai iya kutsawa ba. Amma a bakin shiga, inda tarakta take juyawa, ko ƙugu bai kai ba, ganyen ya yi rawaya, ciyawa ta cinye wurin. Wannan tabon shi ne darasin farko. Saiwar wiwi doguwa ce mai nutsawa ƙasa, idan ta tarar da ƙasar da tayar tarakta ta danne sai ta lanƙwashe, ruwa kuma ya kwanta a kanta. Ƙaramin tsiro ba ya jure kwanciyar ruwa ko da na kwana biyu ne, kuma wanda ya tsira ba ya sake kamo 'yan'uwansa. Shi ya sa ba a shiga gona da inji sai ta tsane, ko da kalanda ta ce lokaci ya yi. Ana shuka daga tsakiyar Afrilu zuwa farkon Mayu, idan ɗumin ƙasa ya kai digiri 8 zuwa 10. Sanyi kansa ba shi ne abin tsoro ba, don tsiron yana jure 'yar ƙanƙarar asuba. Sanyi tare da jiƙewa ne ke ruɓar da iri tun bai fito ba.

Zurfin shuka santimita 2 zuwa 3 ne, tazarar layi 12 zuwa 15, iri kuma kilo 35 zuwa 50 a hekta, wato ƙwaya 200 ko fiye a kowace murabba'in mita. Da gangan ake cunkusa shi. Tsiron da ya sami fili rassa yake yi, karansa ya yi kauri, ɓawonsa ya yi kaushi. Wanda aka matse kuwa miƙewa yake yi siriri yana neman rana, shi ne mai zare mai kyau. Cunkoson ne kuma yake rufe ƙasa cikin 'yan makonni ya kashe ciyawa, har ba a bukatar fesa magani. Sai dai abin yana da iyaka. Binciken da masanin noma Hayo van der Werf ya yi a Wageningen, garin jami'ar aikin gona ta Holan, a farkon shekarun 1990 ya nuna idan aka cika yawa, manya suna danne ƙanana su mutu a tsaye, kuɗin iri ya tafi a banza. Takin naitirojin kilo 80 zuwa 120 a hekta ya wadatar. Wanda ya zarce haka zai ga gona ta yi kyau a Yuni, amma kara zai yi laushi, guguwar farko ta kwantar da shi, zaren kuma ya ƙi rabuwa da ƙashi, wato itacen da ke cikin kara. A makon fitowa kuwa hasbiyoyi da dodon koɗi marar kwanso, wanda damshi ke haifarwa da yawa, su ne ke yi wa layi giɓi.

Da na ɗaga kai a wata gona kusa da hanyar garin Veendam, sai na ga kawunan wasu tsirrai sun karye sun rataya, da wani toka-toka mai gashi a wurin karayar. Wannan ita ce fumfunar Botrytis, babbar cutar wiwi a shekara mai ruwa. Tana son sanyi da iska mai laima, tana kama kara ta zagaye shi har abin da ke sama ya bushe, tana kuma shiga cikin fure inda ganye ya cushe iska ba ta ratsawa. 'Yar'uwarta Sclerotinia fara ce kamar auduga, tana barin baƙaƙen ƙwayoyi a cikin kara su faɗa ƙasa su jira shekaru, don haka ba a son wiwi ya biyo bayan wake ko kanola, tsiron da ake tatsar mai daga 'ya'yansa, waɗanda ita ma take ci. Maganin da ya fi aiki ba na kwalba ba ne: rage taki, a daidaita yawan tsiro, a yanke da wuri.

Maganar yanka da wuri tana da alaƙa da tsawon rana. Wiwi ba ya fure sai dare ya fara tsawo, a nan kuwa ranar ƙarshen Yuni tana kusan awa 17. Saboda haka irin da aka kawo daga kudu yana ta tsawo ba tare da ya yi fure ba har cikin Agusta. Ga mai neman zare wannan riba ce, domin ƙarfin tsiron duk a kara yake tafiya. Ga mai neman 'ya'ya kuwa asara ce, don ba za su nuna ba sai Oktoba, lokacin da hazo da ruwa suka kankama. Shi ya sa mai son 'ya'yan mai yake shuka Finola, gajeren iri daga Finlan mai saurin nuna, kilo 25 zuwa 30 a hekta. Da an casa dole 'ya'yan su shiga na'urar busarwa cikin 'yan awoyi, da iska mai ɗumi kaɗan da ba ta wuce digiri 40 ba, har damshinsu ya sauko kashi 8 ko 9. Idan suka kwana a cikin tirela sai su ɗau zafi, man ya yi ɗaci.

Injin yankan da na gani yana aiki an sauya masa baki, yana datsa kara guntu-guntu kamar santimita 60 yana zubarwa a layi. Direban yana yawan tsayawa ya sauka da wuƙa, saboda zaren yana naɗe duk wani ƙarfe mai juyawa, ya ɗaure tamau, gogayya ta sa ya yi zafi har ya kama wuta.

Bayan yanka ne ainihin aikin yake farawa, kuma a ganina nan ne ake gane gwani. Mai rama yana tsoma karansa a kududdufi ya jiƙa kafin ya saɓe ɓawon. A nan raɓa da yayyafi ne ke yin wannan aikin, karan yana kwance a gona. Ƙananan halittun da ke cikin ƙasa suna hawa su cinye ƙaron da ya manne zare da ƙashin kara. Abin yana ɗaukar mako 2 zuwa 6, gwargwadon ɗumi da damshi, ana juya layin sau ɗaya ko biyu don na ƙasa kada ya ruɓe na sama kuma ya bushe ɗanye. Launi ne ma'auni: daga kore zuwa rawaya, sannan ruwan toka mai haske. Na ɗauki ƙwaya ɗaya na karya, ƙashin ya ɓalle ya zube, zaren ya zare tsawonsa bai tsinke ba. Wannan ya yi. Wanda bai kai ba ɓawon yana manne, inji ya yi ta fama. Wanda ya wuce kuma baƙi ne, da hannu ma sai ka tsinka shi. Matsalar ita ce ranar da ya yi daidai dole a sami kwanaki na iska da rana a jere don ya bushe, damshi ya sauko ƙasa da kashi 15 kafin a ɗaure shi dammi. Kowane mako da aka ƙara wa kara a tsaye cikin Agusta don neman nauyi, an ci shi ne daga kwanakin bushewar Satumba. Manomin da ya yi kwaɗayin tan ɗaya na ƙari yana iya wayar gari da karansa a kwance cikin laka har Nuwamba, ga gonar ba ta ɗaukar tarakta.

Hekta mai kyau tana ba da busasshen kara tan 6 zuwa 8. A masana'anta ana murƙushe shi a raba: zare wajen kashi 30, ƙashi fiye da rabi, sauran ƙura. Zaren yana tafiya cikin ƙyauren motoci da abin tare sanyi a bangon gidaje, ƙashin kuma shimfiɗar dawaki ne, ko a cuɗa shi da farar ƙasa a yi bango. Dammunan da na gani a bayan gari duk suna ƙarƙashin rufi, an ɗaga su daga ƙasa, ana soka musu ma'aunin damshi kafin a karɓa, saboda dammi ɗaya da aka ɗaure a jiƙe yana ci gaba da ruɓa daga ciki, ya yi zafi, ya ɓata na kusa da shi.