Murjanin da tsafta ta kashe mini

Ran da na shigo da shi gida, uwargida ta leƙa cikin ledar ta ce, "Maigida, yanzu dutse ka je ka zuba wa kuɗi?" Ba ta yi ƙarya ba, a leda dunƙulen dutse ne mai ƙananan ramuka. Sai bayan la'asar, da ya huta a tanki, kawuna suka fara leƙowa, kowanne a kan dogon wuya, ƙarshensa kamar fure, suna rangaji duk inda ruwa ya kaɗa su. Goniopora ke nan, wani nau'in murjani mai rai, wanda Turawa ke kamantawa da tukunyar furanni. Ita murjanin wuya ta sani, ba ta taɓa zaton asalinsa dabba ce mai baki ba.

Na matsa jikin gilashi na ƙirga yatsun fure guda, 24 cif. Da 12 ne, da ɗan'uwansa Alveopora aka ba ni.

Lokacin ina shekara ta biyu da fara kiwon halittun ruwan gishiri a nan Jidda, kuma ina ji da kaina. Tanki mai lita 200, gishiri gram 35 a kowace lita, zafi tsakanin digiri 25 da 26. Babban abin taƙamata shi ne ruwa garau kamar hawaye. Na'urar kwashe datti ba ta hutawa dare da rana, duk mako ina canjin ruwa, in na auna naitiret, wato sinadarin da dattin kifi da ragowar abinci ke bari a ruwa, sai in ga sifili, in yi murmushi.

Wata biyar lafiya lau. Daga nan wuyoyin suka riƙa gajarta, a hankali ƙwarai, har ban farga ba sai da na ci karo da tsohon hotonsa a waya. Naman gefe ya janye, farin ƙashi ya bayyana. A wata na takwas wani abu mai yauƙi, ruwan ƙasa-ƙasa, ya lulluɓe ɓangare guda. Na zuƙe shi da tiyo, na yanke wurin, ina! Kwana uku ya cinye sauran. Warin da ya tashi da na ciro dutsen har yau yana hancina.

Sai daga baya na san inda na kwafsa. Irin wanda na saya, kore mai dogon wuya, Goniopora stokesi, a teku wuraren da ruwa ke da gurɓi yake zama, kan yashi da laka, inda ƙwayoyin abinci ke shawagi ko'ina. Akwai ƙananan tsirrai a cikin namansa da ke samar masa abinci daga haske, ni kuwa na ɗauka wannan ya wadatar. Ashe horon yunwa nake masa. Ga kuma wasu kifayena biyu masu ruwan lemo da farin ratsi, sun mai da shi katifa, suna birgima a kai wuni guda, shi kuma yana ta noƙewa. Ni a lokacin sha'awa abin yake ba ni, har bidiyo nake ɗauka.

Goniopora na biyu da na samo ja ne, ɗan gutsure bai wuce goro ba, wanda aka yi renonsa a tanki. Na ajiye shi ƙasa, nesa da bakin famfo, inda haske ke da sauƙi. Sau biyu a mako nakan kashe famfuna, in dama garin Reef-Roids, wato abincin murjani, da ruwan tankin a ɗan kofi, in fesa masa da sirinji sannu-sannu, sannan in kifa masa yankakkiyar gorar roba na minti 15 don kada kifi su wawashe. Za ka ga yatsun suna naɗewa ciki, bakin yana kumbura. Naitiret na bar shi tsakanin 5 da 10. Wasu masu kiwo na rantsuwa da sinadarin manganis. Ina ɗiga kaɗan, amma a ganina abincin ne ya yi aikin.

Yanzu ya shekara biyu, ya kai girman lemon zaƙi. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci nakan ɗauke shi hoto daga wuri ɗaya, in gwada tsawon wuyan da na makon jiya.