To Wa Ake Wa Kiɗan?

Ƙanena da ke karatu a Kano ne ya zo hutu, ya tura min bidiyon ta Xender, wai in ga yadda Turawa ke taron kiɗa. Sai da na kai wayar shagon caji ta cika maƙil, sannan bayan isha'i na baje a dakalin ƙofar gida. Ga sanyin hunturu, ga ƙaiƙayin geron da aka sussuka yana bin iska. Baba Makaɗi, wanda ya fi shekara arba'in yana wa mahautan kasuwar Ringim kalangu, ya jawo buzunsa ya zauna kusa da ni.

An fara da kiɗan Mozart, shahararren mai tsara kiɗa na Turai, konshato na piyano mai lamba 20, wato kiɗan da mai piyano ke yi tare da taron makaɗa, wanda shi da kansa ya fara kaɗawa a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a watan Fabrairun 1785. Wannan bai ba Baba wuya ba. Mai piyano ya bayar, masu goge su karɓe, shi kuma ya sake ɗauka ya murɗa shi wata fuskar. "Ai waƙa da amshi ne," in ji shi. Da aka kai inda kowa ke ajiye kayansa a bar mai piyano shi kaɗai ya nuna gwaninta, Baba ya gyaɗa kai ya ce yaron yana da hannu. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne jama'ar da ke zaune tsit kamar gidan makoki. Babu guɗa, babu liƙi, ko tari ma sai an saci jiki.

"Malam, to wa ake wa kiɗan?"

Na rasa amsa. A wurinmu kalangu na mahauta ne, gangar noma ta manoma, tambari da kakaki na sarki. Na ce masa ba kowa. Ya dube ni kamar na zage shi.

Bayan hutun rabin lokaci sai dandalin ya cika, makaɗan suka kusa ninkawa, aka ɗauke piyanon. Sai aka shiga simfoni, wato dogon kiɗan taron makaɗa mai kashi-kashi, na shida na Caikofski, mutumin Rasha, wanda ya jagoranta da kansa a ƙarshen Oktoban 1893, kwana tara kafin ya mutu. Ni dai a nan aka kama ni. Mozart yana ɓoye damuwarsa cikin ladabi, wannan kuwa fasa kuka yake yi a bainar jama'a. A kashi na biyu Baba ya soma buga cinya yana bin kiɗan, sai ya riƙa tuntuɓe, domin bugu biyar-biyar ake ƙirgawa. Ya ce rawar gurgu ce, amma gurgun mai kwalliya.

Kashi na uku ya zo da tambura da ƙahonin tagulla kamar hawan Sallah, har wasu a zauren suka tafa, sun zaci an gama. Ashe da saura. Na huɗun a hankali yake tafiya, yana ta sauka ƙasa, har ya rage manyan gogen nan masu kaurin murya, su ma suka dusashe. Jagoran makaɗan ya tsaya da hannu a sama, ba wanda ya motsa.

Baba ya leƙo fuskar wayar. "Cajin ne ya ƙare?"

Na ce a'a, haka Caikofski ya ƙare shi. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya naɗe buzunsa. Ya ce gobe in mayar masa daga wurin gurgun nan, akwai abin da bai kama ba.